Ranar da Na Ɓoye wa Baba Ruwa

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Sunan mahaifiyarsa aka raɗa mini, saboda haka tun ina rarrafe "Uwata" yake ce mini, kuma abin bai tsaya a baki ba. In na ce miya ta yi gishiri, to ta yi gishiri, ko da Inna ta rantse ba ta zuba ba. Yayana, wanda ya ba ni shekara tara, ya sha duka a kan maganata fiye da yadda ya sha a kan laifinsa. Ina yarinya abin daɗi yake yi mini. Sai da na yi aure na biyo maigidana Libreville ta ƙasar Gabon, Inna kuma ta rasu, sannan na san nauyi ne a ce duk abin da ya fito daga bakinki wani zai ɗauka ya yi aiki da shi.

Garinmu yana can arewa da Dakwaro, inda gonaki ke ƙarewa dajin makiyaya ya fara. Da nake ƙarama akwai manyan itatuwan gawo uku a bayan masallaci, da wata tsamiya a bakin rijiya. A kansu shamuwa ke sauka duk shekara gab da damina. Baba ba ya fita shuka sai ya ga ta fara jan kara tana sheƙa. Daga ranar yake ƙirga kwanaki, ya duba inda iska ta juya, sannan ya saɓa sungumi. Yanzu itatuwan duk sun bushe an sare su. Rairayi ya taso daga arewa ya cinye gonar kakanmu, ya zo ya jingina da katangar gidaje na ƙarshe. Igiyar guga kullum ƙara mata tsawo ake yi. Shamuwa ta daina zuwa tunda ba ta da wurin sauka, sannan cutar yanar ido ta rufe wa Baba gani, ko hadari ne ya haɗu sai an gaya masa. Mutane suka yi ta tashi gida bayan gida, har aka bar gidaje ƙalilan, cikinsu har da namu, inda Yaya ya zauna da matarsa da 'ya'yansa saboda tsohon.

Abu ɗaya ne Baba bai yarda a taɓa ba komai tsananin yunwa, wato irin gero na gidanmu. Gajere ne, mai saurin nuna, tun zamanin kakansa ake zaɓar zangarniyarsa a ajiye. Irin da ake sayarwa a kasuwa, in ji shi, ya fi ƙarfin ruwan ƙasarmu, ba zai ɓata gonarsa da shi ba. Damina biyu a jere ba a girbe abin kirki ba, har irin ya dawo tiya shida a cikin tulu, an gauraya shi da toka an liƙe bakin da laka. Kowa a gidan ya san ranar da tulun nan ya ƙare ba a mayar da komai ba, noman Baba ya ƙare.

Ni kuwa ina unguwar Oloumi a Libreville, ina sayar da tuwo da shinkafa da wake a wata rumfar kwano tsakanin garejin manyan motoci da shagon masu walda. Maigidana direba ne, yashi yake ɗaukowa ta hanyar Ntoum yana kai wa masu gini. Ranar da na fara ganin mutum ya sayi yashi an kawo masa har gida na yi dariya har da hawaye, na ce da za su bi ni garinmu da sun kwasa kyauta mu ma mu yi musu godiya. Ruwan sama kuma a nan ba a roƙonsa, tsaki ake yi masa. Yana kashe mini wuta, ya kori masu cin abinci, ya cika lambatu ya koro ledoji har ƙarƙashin benci. Allah ya yafe mini, ni da aka haifa inda ake fita sallar roƙon ruwa, na koyi yi wa hadari tsaki kamar kowa.

A garinmu ba a samun rezo, wato sabis ɗin waya, sai a kan wani tudun rairayi da ke gabas da gari. In Baba zai yi magana da ni, Yaya ne ke riƙe masa sanda su hau a hankali, suna yi suna hutawa. Wata rana, zafi ya yi tsanani a can, suka kira ni ina tsakiyar kwashe tuwo. Bayan gaisuwa Baba ya ce, "Uwata, ruwa ya sauka wajenku?"

"Baba, ruwa kam har ya ishe mu. Kwana huɗu ke nan ban ga rana ba. Jiya sau biyu yana kashe mini wuta."

"Mai ƙarhi?"

"Kamar da bakin ƙwarya."

Ya yi hamdala, na ji muryarsa ta sake. Ya ce, "Ku kudu kuke, daga kudu kuwa shika tasowa. Da can in 'yan cirani sunka dawo, muna tambaya tasu inda sunka baro shi. Yanzu ba su dawowa, shamuwa ma ba ta zuwa. Ke ce shamuwata."

Na yi dariya, na ce na karɓi sarautar. Wani makanike yana tsaye da kwano yana jira, sai na yi sallama da sauri. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba in ce masa kudunmu ba kudun Kano ko Zariya ba ce, akwai ƙasashe tsakaninmu, kuma a nan ruwa ya fi rabin shekara yana zuba ba ruwansa da daminar kowa. A wurin Baba kudu ɗaya ce, ni kuma hira na ɗauka muke yi.

Washegari ya sa aka fasa bakin tulu, ya ce binne za a yi. Binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a bar shi yana jira. In aka yi dace ruwa mai yawa ya zo, gonarka ta riga ta kowa. In kuwa yayyafi ne ya fara zuwa, irin zai tsiro ya tarar babu laima a ƙasa, rana ta ƙone shi. Yaya ya ce lokaci bai yi ba, ya roƙe shi, Baba ya ce, "Uwata ta ce ruwa na hanya." Suka binne tiya huɗu. Bayan kwana goma sha ɗaya aka yi wani ɗan yayyafi da bai jiƙa ƙasa tsawon yatsa ba. Gero ya leƙo kore shar, sannan sama ta washe. Cikin mako guda rana da iska mai rairayi suka gama da shi.

Ban san duk wannan ba sai da Yaya ya aiko mini da saƙon murya. Ina wanke tukwane na kunna. Ko gaisuwa bai yi ba.

"Bakinki ya ci muna tiya huɗu. Saura biyu. Ya ce ran Juma'a bayan la'asar in hau da shi tudu shi sake tambayarki. In kinka ce ana ruwa, ran Asabar zai binne sauran. Ki ce mishi babu. Ki ce ya ɗauke. Mako biyu ko uku kawai nika so mu samu, har ruwan gaskiya shi sauka."

Raina ya ɓaci, don ni haka nake, in na ji kunya faɗa nake yi. Na kira shi nan take, aka yi sa'a yana kan tudun. Na ce ni zai sa in yi wa Baba ƙarya? Shi da ke zaune da shi, me ya hana ya bayyana masa nisan da ke tsakaninmu?

"Na yi. Na ce mishi Gabon ta hi Makka wuyar zuwa. Ya ce ruwa ba ya tsayawa a iyaka a duba mishi takarda."

"To ni zan bayyana masa da kaina."

"Ki bayyana. Cikin duk abin da za ki hwaɗa kalma biyu zai ɗauka, ana ruwa. Kin san shi ko ba ki san shi ba?"

Na san shi. Yaya ya ce rezo na yankewa, ya kashe.

Da na gaya wa maigidana, sai ya ce in kwantar da hankalina, ai damina a nan ta zo ƙarshe, wataƙila kafin Juma'a ruwan ya ɗauke da kansa, in faɗi gaskiya kuma ta yi daidai da abin da Yaya ke so. Na riƙe maganar nan da hannu biyu. A duk sallar da na yi a makon sai na roƙi Allah kada a yi ruwa, ina roƙo ina jin kunyar bakina. Laraba aka wuni babu. Alhamis ma haka, har tabon gaban rumfata ya fara tsagewa. Ran Juma'a da safe rana ta fito tas, na dafa abinci ina 'yar waƙa.

Ana dawowa daga masallaci na ga sama ta yi baƙi ta wajen teku. Na ce wucewa zai yi. Iska ta taso ta kifar da murfin tukunya, masu walda suka fara jan wayoyinsu ciki. Kafin in rufe abinci ya sauko. Ban taɓa jin haushin ruwa kamar na ranar ba. Na tsaya ina duban agogon waya, ina duban sama. In ya yi awa ɗaya ya tsaya, zan iya cewa babu ruwa ban yi ƙarya sosai ba. Aka yi kiran la'asar yana nan yana dukan kwano, ko maganar wanda ke kusa da ni ba na ji.

A lokacin na san a can tsohon ya riga ya yi alwala, yana sallamewa zai miƙa wa Yaya bakin sanda. Ba za a ce masa ya koma ya dawo gobe ba, hawan tudun nan aikin wuni ne ga ƙafarsa. Kuma in na ƙi ɗauka, to maganata ta farko ce ke nan a hannunsa. Ban ma zauna na yanke shawarar yin ƙarya ba, sai kawai na ga ina neman wurin da ba a jin ruwa.

Na sa wayar a leda na cusa a ƙirji, na bar tukwane a hannun Allah. Garejin kwano ne, ƙararsa ta fi ta rumfata. Wani direban taksi ɗan ƙasarmu da ya fake a gefen hanya ya buɗe mini ƙofa, na shiga na rufe, sai na ji kamar ana zuba tsakuwa a kan rufin. Na fita. Ruwa ya kai mini idon sawu, takalmina ɗaya ya tafi da shi ban bi ba. Can gaba akwai shagon kayan gini na wani dattijo ɗan Tawa, bene ne a samansa. Na faɗa ciki jagab, na ce, "Alhaji, don Allah ɗakin ajiyarka, waya zan yi." Ya dube ni daga kai har ƙafa, ya nuna mini ƙofa.

Ɗakin ba shi da taga, buhunan siminti ne har sama. Shiru kamar ba a ruwa a duniya. Na yi ajiyar zuciya, na duba waya, sai na ga babu rezo ko kaɗan. Na yi ta zagaye da ita a sama. Ba ta kama ba sai da na je jikin ƙofar baya, wata ƙofar ƙarfe da ke kulle. A bayanta akwai indararo yana zuba cikin wani abu, ina jinsa ƙasa-ƙasa. Na matsa baya taku biyu, rezo ya ɓace. Na dawo. Na lulluɓe kaina da wayar da gyale, na tsuguna, ina cikin haka ta yi ƙara.

"Ga Baba," in ji Yaya.

"Uwata."

"Na'am, Baba. Ina wuni? Ya jiki?"

"Lahiya lau. Ya maigidan naki, ya ɗiya?"

Muka yi gaisuwa har ta ƙare, na ja ta iyakar iyawata, na tambayi awaki, na tambayi maƙwabta. Ya amsa duka bai gaji ba. Sannan ya ce, "To, ruwa hwa?"

Ruwa na ɗiga daga gyalena yana bin wuyana. Na ce, "Ya ɗauke, Baba."

"Ya ɗauke."

"E. Tun wancan makon."

"Ko yayyahi babu?"

"Babu, Baba."

Ya yi shiru. Ina jin iskar tudun tana hura wayar. Na ɗauka ya yanke, har na ciro ta na duba. Tsorona ɗaya kada ya ce in rantse, don na san ba zan iya ba. Bai ce ba. Da ya sake magana muryarsa a kwance take.

"To, Uwata. Na ji. Allah shi yi miki albarka."

Na zauna a kan buhun siminti. Bayan ɗan lokaci Yaya ya aiko da saƙo gajere, ya ce madalla, tsohon bai yi maganar binne ba. Na koma rumfa da takalmi ɗaya, na tarar miya ta zama ruwa, amma zuciyata ta yi sanyi. Na gaya wa kaina cewa na ceci tiya biyu, in aka girbe zan faɗa masa gaskiya mu yi dariya.

Ran Talata Yaya ya kira ni da hantsi, tun daga sallamarsa na san ba lafiya ba. Ya ce Baba ya tashi da safe ya sa matar Yaya ta ɗauko tulun, ya ce ta bakace tokar ta wanke geron ta daka wa yara fura. Yaya yana rijiya, kafin ya dawo an surfa. Sannan ya ce a nemi mota zuwa Maraɗi, wurin ƙanwarmu da ta daɗe tana roƙon ya dawo gidanta.

"Ba haka munka yi ba," in ji Yaya. "Ni jira kawai na ce. Na durƙusa mishi, na ce mako biyu. Ya ce a nemi mota."

Na ce ya hau da shi tudu yanzu-yanzu in gaya masa ƙarya na yi. Ya ce ya riga ya gaya wa Baba duka, har da cewa shi ya sa ni. Baba kuwa ya sha furar tare da jikokinsa. Ko da ma na yi magana, geron da aka surfa ba ya tsirowa.

Suka tashi a ƙarshen makon. Bayan mako uku aka yi ruwa a garinmu, mai yawa, har tafki ya kawo. Gidajen da suka rage suka yi shuka, sun ɗan samu abin da suka samu. Ba zan ce da tiya biyun nan sun cika rumbu ba, ban sani ba, wataƙila da sun bi huɗun farko. Abin da ya hana ni sukuni shi ne tunanin cewa tsohon ya yarda da ni, ya ɗauka in har kudu ma ta bushe to babu abin da ke tafe, shi ya sa ya saki. Wata uku ina ɗauke da wannan. A nan ruwa ya ɗauke da gaske, sama ta yi toka-toka, ni kuma abin kaɗan sai in hau masu cin abinci da faɗa.

Matar Yaya ce ta sauke mini wannan tunanin ta ɗora mini wanda ya fi shi. Muna hira a waya ina kuka, ina cewa da bai yarda da ni ba da yanzu yana gonarsa. Sai ta ce akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba, ko mijinta.

"Ranar da ya ba ni tulun na ƙi karɓa. Na ce Baba, iri ne hwa. Sai ya ce, ɗiyata, ruwa aka yi garin su Uwata ran Juma'a. Indararo na zuba bayanta, ina jin shi, cikin duro shika zuba, ya ma kusa cika. Ya ce shekara saba'in yana sauraren ruwa, ba a ɓoye mishi shi."

Na ce, "Ya sani?"

"Ya sani tun kan tudu. Ya ce in har Uwata ta ɓoye mini ruwa, to an gama shawara, ni kaɗai na rage ban ji ba. Ba ni riƙe ku a nan kuna yi mini ƙarya don tsoron hannuna. Daka shi."

Har yau ban iya tayar masa da maganar ba, shi ma bai tayar ba. A Maraɗi rezo har cikin ɗaki, kullum in ina so zan ji muryarsa. Yana tambayar maigidana, da yara, da ciniki, yana sa mini albarka kamar da. Ruwa ne kawai bai ƙara tambayata ba.

Da damina ta dawo mana, ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, na tsaya a tsakiyar rumfata na kira shi. Ban nemi wurin fakewa ba. Kwano na ta ƙara kamar zai tsage, na ɗaga wayar sama kusa da shi na riƙe har hannuna ya gaji, don ya ji da kyau, ya tambaye ni, in ce masa e, Baba, ana yi. Sannan na mayar da ita kunnena ina jira.

Ya ce, "Uwata, ba ni jin ki sosai. Akwai hayaniya wurinki. Ki kira ni in ta lahwa."